Idon da Na Ara Wajen Auta

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ban girma, ina fatan takardar nan za ta same ki lafiya ƙalau, ke da maigidanki da yara baki ɗaya. Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana, ya ɗauke miki ciwon gwiwar nan da kika ce yana hana ki hawa bene, ya sa albarka a zaman da kuke yi a can. Mu nan kowa yana lafiya. Inna tana nan da ƙarfinta, sai kunne da ya ƙara nauyi, yanzu in ba ka ɗaga murya ba sai ta ce gunaguni kake yi, amma maganar da ba a so ta ji tana jin ta tun daga tsakar gida. Uwar yara tana gaishe ki, ta ce in gaya miki rigar sanyin da kika aiko ta yi mata daidai. Babbar 'yarmu ta gama jarrabawa, tana gida tana cinye mana abinci tana jiran sakamako. Sannan ki dubi rubutun nan da kyau, hannuna ne, ba wanda na sa ya rubuta mini. Layin yana ɗan karkacewa don na daɗe ban riƙe biro ba, amma idon ya warke sarai, kuma bayan Allah ke ce sila, domin da ba ki matsa ba da har yanzu ina lalube.

Saƙonki ya iso, na karanta shi ba sau ɗaya ba. Kin ce Auta ya kira ki yana kuka, wai na karɓe makullin gidana daga hannunsa, na hana shi shiga ɗakina, bayan duk wahalar da ya sha da ni lokacin da ba na gani. Kin ce ban kyauta ba, kin ce ba haka Baba ya bar mu ba. Ban ji haushinki ba ko kaɗan, abin da aka gaya miki ke nan, kuma ni ma da haka aka kawo mini labarin wani da abin da zan faɗa ke nan. Na ƙi yi miki bayani a waya ne saboda gidan ba ya rabuwa da kunnuwa. Ki yi haƙuri da tsawon takardar, sai na faro miki daga tushe kafin ki gane abin da aka yi mini.

Kin tuna gwangwanin alewar da Baba yake zuba tsofaffin sulalla, wanda kuka ce in ɗauka ranar da aka raba kayansa, har kike tsokanata wai na gaji kuɗin da ko gishiri ba za su saya ba? To daga nan abin ya kama ni. Kin san aikin agogo ya koya mini kallon ƙananan abubuwa. Wata rana babu ciniki a shago, na maƙala gilashin aikina a ido, na dubi wani sule mai hoton tsuntsu, sai na ga ashe kowane gashi na fiffiken tsuntsun an zana shi daban. Na ɗauko wani irinsa, shekararsu ɗaya, sai na ga tsuntsun ya shafe ya zama kamar ƙullin gari. Na farkon bai taɓa shiga kasuwa ba, yana nan da ƙyallin da ya fito da shi daga ma'aikata, na biyun kuwa ya sha hannu da aljihu. A wajen masu tara irin waɗannan kaya, tsakanin biyun nan tazarar ba kaɗan ba ce. Mai kyan ba a wanke shi, ba a goge shi, ba a ma taɓa fuskarsa, ta gefe ake riƙe shi. Wanda aka goge da man goge ƙarfe kuwa, ko da yana walƙiya kamar madubi, ya riga ya mutu. Mafi kyansu har aika su ake yi wajen masana su duba, su liƙe kowanne a cikin gidan roba, su rubuta darajarsa da ƙananan baƙaƙe a sama.

Da farko na yi ta saye barkatai, duk abin da na gani mai zagaye sai na kawo gida, har uwar yara ta ce ko dai in buɗe shagon gwangwan ne. Sai na gane abin ba shi da iyaka, wanda ya ce zai tara duka zai mutu bai ji daɗin ko ɗaya ba. Na sa kafinta ya yi mini 'yar kabad mai tire-tire, kowane tire da ramukansa, na yi wa kaina alkawarin ba zan fara wani tire ba sai na cika wanda ke gabana. Na farko shi ne wanda nake kira tiren gida: sule guda na shekarar da aka haifi kowannenmu, tun daga Baba da Inna, da ke, da marigayi wanmu, da ni, har zuwa Auta, kuma kowanne sai wanda bai taɓa shiga hannu ba. Naki ne ya fi ba ni wuya. An kawo mini na shekararki ba adadi, ina mayarwa, wannan da ƙarzane a gefe, wancan an taɓa wanke shi. Ramin ya daɗe a buɗe, har na saba da ganinsa haka. Sai wata rana wani dattijo ya kawo mini agogon bango gyara, muna hira ya ce yana da wasu tsofaffin kuɗi a naɗe cikin auduga tun na mahaifinsa. Da ya kawo su na ga naki a ciki, nan take na saye shi. Ranar na rufe shago da wuri, na zo gida na sa shi a raminsa, na zauna ina kallon tiren a cike kamar wanda aka yi wa haihuwa. Bayan shi na cika tiren tsuntsaye, sannan na fara na masu hoton jirgin ruwa, saura rami kaɗan ido ya fara ba ni matsala.

Kin san yadda yanar idon ta zo, a hankali, kamar ana ƙara labule a kan labule. Na fara kasa ganin ƙananan kusoshin agogo, na bar shagon a hannun abokin aikina, daga baya fuskar mutum ma sai ya yi magana nake gane shi. A wannan lokaci ne Auta ya matso kusa da ni, kuma wallahi, Yaya, na ji daɗinsa. Duk ƙarshen mako sai ya zo. Shi ne mai karɓo mini magani, shi ne mai karanta mini saƙonni, ni na ba shi makullin gida da na kabad da hannuna don kada ya riƙa jiran kowa. Da ya lura zaman banza yana neman ya kashe ni, sai ya ce in riƙa kallon sulallana da idonsa. Mu zauna bakin taga, ya jawo tire, ya ɗora mini ɗaya a tafin hannu cikin 'yar robarsa, ya riƙa kwatanta mini. Ya ce gashin fiffiken nan kamar yau aka zana shi, ya ce igiyoyin jirgin nan ana iya ƙirga su, ya ce ƙyallin naki yana juyawa in an karkata shi kamar ruwa a cikin kwano. Ni kuma daɗi ya ɗebe ni, na zazzage masa duk abin da na sani: wanne ne ba a samunsa, wanne ne ya fi daraja da dalilin haka, wane shago ne ake ciniki na gaskiya. Har na riƙa gaya wa uwar yara ashe a gidanmu akwai wanda zai gaje ni. In baƙi sun zo sai in sa a ɗauko tiren gida in yi ta alfahari, su yi ta cewa madalla, ni ina ganin walƙiya dishi-dishi ina murna.

Cikin wannan tsakanin ne Auta ya sayi motar da kika gani a hoto. Ya ce wata harka ce ta faɗo masa a wajen aiki. Ya kama hannuna ya fito da ni ƙofar gida, na shafa ta tun daga gaba har baya, na yi masa addu'a har na yi hawaye, na ce Allah ya sa ya kashe ta da kansa. A cikinta ya riƙa kai ni asibiti. Akwai kuma abin da ban gaya miki ba a lokacin. Duk sanda kika bugo kika ce a yi aikin idon nan, da kin ajiye waya sai Auta ya ce kada in yi gaggawa. Yau ya ce ya ji labarin wani da aka yi wa ya makance gaba ɗaya, gobe ya ce gara a bari yanar ta ƙara nuna. Da maganarsa na ɗaga ranar aikin har sau biyu, na ce miki likita ne ya ɗaga. Sai da kika kira likitan da kanki, kika yi mini faɗa irin naki, sannan na je.

Ranar da aka cire bandejin, abin da na fara gani shi ne furfurar uwar yara, wadda ban san ta fito ba. Na yi dariya, ta yi kuka. Likita ya ce kada in takura wa idon, don haka na danne zuciyata ban buɗe kabad ba sai da ya ba ni izini. Wata safiya bayan yara sun fita, na wanke hannu, na jawo tiren tsuntsaye zuwa bakin taga. Na dubi na farko, babu gashi a fiffikensa. Na dubi na biyu, haka. Na ɗauko gilashin aikina na maƙala, abin ya ƙara muni. Na jawo tiren gida, na ɗauki naki, sai ga wani dogon ƙarzane ya ratsa shi daga gefe zuwa gefe, an murje shi da man goge ƙarfe har yana ɗaukar ido, irin ƙyallin da zai ruɗi mai gani dishi-dishi. Kin san abin da na yi, Yaya? Mayar da tiren na yi, na sa takalmi na koma asibiti, na ce wa likita aikin bai yi ba, ƙananan abubuwa ba sa fita. Ya sa ni na karanta allonsa har layin ƙarshe, ya ce idona ya fi nasa. Na fito na zauna a bencin ƙofar asibitin na daɗe, domin na fi son a ce idon ne ya lalace.

Daga nan na wuce shagon mai sayar da tsofaffin kuɗi, mutumin da na daɗe ina ciniki da shi. Yana ganina na shigo ni kaɗai ba ɗan jagora ya taso ya rungume ni, ya yi mini barka, sannan ya ce ya ji zafin yadda lalura ta sa na rabu da kayana. Na bar shi ya ci gaba. Ashe Auta ya daɗe yana kai masa su, ɗaya-ɗaya, bibbiyu. Ya ce masa ni na aiko shi saboda kuɗin magani, wai kunya nake ji, kada ya kuskura ya yi mini maganar ko a waya. Duk wanda ya sayar kuma sai ya sayi mai arha na shekarar, wanda ya sha hannu, wai don kada in shafa tire in ji rami a buɗe raina ya ɓaci. Har waɗanda ke liƙe a gidan roba ya nemo irinsu masu ƙaramar daraja, tunda ya san ba zan iya karanta rubutun sama ba. Mutumin nan ya ce saboda tausayina har ƙari yake yi masa a kan farashi, yana sa masa albarka don yana kula da wansa. Na tambaye shi ko akwai saura a wajensa, ya ce irin waɗannan ba sa kwana, duk sun tafi hannun masu saye na nesa.

A tiren gida guda ɗaya ne kawai na tarar ba a taɓa ba, na shekarar Autan kansa. A hanya ina ta riƙe da wannan a zuciyata, ina cewa ko ba komai akwai inda hannunsa ya ƙi zuwa. Sai na yi kuskuren tambayar mai shagon. Ya ce ai Auta ya kawo shi, shi ne ya ƙi saye don yana da irinsa da yawa.

Ban gaya wa kowa ba sai da ƙarshen mako ya zo. Auta ya shigo da rana da fara'arsa, da ledar lemo a hannu, yana tsokanar yara. Na ce ya zo mu zauna bakin taga kamar yadda muka saba. Na jawo tiren gida, na ɗauki naki na miƙa masa, na ce ya kwatanta mini shi, don idon bai gama washewa ba. Yaya, ya fara. Ya karkata shi ya ce ƙyallin yana nan yadda yake, ko ɗigo babu a jikinsa. Yana cikin magana ya ɗago ya ga ba sulen nake kallo ba, shi nake kallo, sai ya katse maganar. Na ce masa na je wajen mai shago. Na zaci zai musa, ko ya faɗi ya ba ni haƙuri. Ya sunkuyar da kai, ya ce da niyyar mayarwa ya fara, abu ne ya yi ta ja. Na tambaye shi ta yaya ake mayar da abin da na yi shekara da shekaru ina nema. Sai ya ɗago ya ce:

"Yaya, ai ba gani kake yi ba. Da waɗancan da waɗannan duk ɗaya ne a wajenka, kuma kana jin daɗinka. Me na rage ka da shi?"

Ban zage shi ba, ban ɗaga masa hannu ba. Makullaina kawai na ce ya ba ni. Ya ciro su ya ajiye a kan tiren, ya tashi ya fita, ya shiga motarsa. Wannan shi ne korar da aka ce miki na yi masa.

Ba zan yi miki ƙarya in ce sulallan ba su dame ni ba. Sun dame ni, kowanne na san ranar da ya shigo gidan nan da wahalar da na sha a kansa. Amma da ɓarawo ne ya fasa kabad ya kwashe, da na yi baƙin ciki na kwana biyu na fara sabon tire. Abin da ya tsaya mini shi ne zaman nan na bakin taga. Mutum ya sa maka ƙarfen banza a hannu, ya dubi fuskarka, ya riƙa zana maka gashin tsuntsun da ya riga ya sayar, kai kana murmushi kana sa masa albarka, mako bayan mako. Sai kuma maganar aikin idon. Har yau ban sani ba, tsoron kada in makance ne ya sa yake hana ni, ko tsoron kada in gani. Na so in tambaye shi, sai na ga ko wace amsa ya ba ni ba zan iya yarda da ita ba. Wannan ne ya fi komai ciwo, don ƙanina ne, ni na riƙa goya shi zuwa makaranta lokacin da ya karye a ƙafa.

Uwar yara ta ce a sa shi ya sayar da motar, abokin aikina ya ce in kai ƙara. Duk na ce a'a. Ba zan tsaya gaban hukuma da ɗan Inna ba, kuma ko an sayar da motar abin da ya tafi ba zai dawo ba. Na juye jabun duka a cikin wata tsohuwar safa na jefa bayan kabad, tirorin suna nan wayam. Mai shagon, da ya gane abin da ya faru, kunya ta kama shi ƙwarai, ya yi ta bin sawun naki har ya gano wanda ya saya, amma mutumin ya ce shi ma ramin da ya daɗe yana jira ne ya cike, ba zai sayar ba. Ban ga laifinsa ba, na san yadda abin yake. Na koma shago ina aikina, hannu ya fara dawowa. Wani lokaci in na wuce ta gaban shagon kuɗin sai ƙafata ta rage sauri, amma ban shiga ba tukuna.

Abin da nake roƙonki biyu ne. Kada ki ce in kira shi mu shirya yanzu. Ban ce har abada ba, amma in na yi yanzu da baki ne kawai, kuma kin san ban iya wannan ba. Na biyu, Inna ba ta sani ba, ina so ki taya ni tunanin yadda za a yi da ita, don ta fara shinshinar wani abu. Makon jiya na je gaishe ta, ina zaune sai ga Auta ya shigo. Muka gaisa kamar mutane, ya tambayi yara, na ce suna lafiya. Da muka tashi cin abinci, a bakin matakalar ɗakinta ya miƙo hannu zai kama gwiwar hannuna kamar yadda ya saba, ban san lokacin da na janye ba. Inna tana kallonmu. Ta bari sai da muka zauna, sannan ta ce:

"Tunda aka buɗe maka idon nan, kowa ka kalla a gidan nan, har kyanwa. Ƙaninka ne kawai ban ga ka kalla ba."

Na ce mata haske ne yake damuna, tunda ta wajen taga yake zaune. Sai ta ce wa Auta ya tashi ya saki labule. Ya tashi ya saki, ɗakin ya yi duhu, ya dawo ya zauna. Ta ci gaba da kallona tana jira. Na sunkuyar da kai a kan kwanona har muka gama. Jibi zan koma kai mata maganinta, kuma ban san abin da zan ce mata ba.

Ki miƙa gaisuwata ga maigidanki, ki ce masa agogon hannunsa da ya bari a nan ya tashi, yana tafiya daidai, sai an sami mai zuwa. Ki gaishe mini da babban ɗanki da amaryarsa, da 'Yar Baba, da Sarkin Surutu, ki ce masa kawunsa yanzu yana iya karanta saƙonsa da kansa, don haka ya gyara rubutu. Uwar yara da yara duk suna gaishe ku. Allah ya tsare ku a inda kuke, ya haɗa fuskokinmu da alheri. Ki rubuto mini da wuri, Yaya, ko da faɗa ne.

Ni ne ƙaninki,
Mai Agogo